Wi-Fi na laftof yana yankewa yana dawowa, wayoyi kuma lafiya ƙalau

Abban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana. Laftof ce HP ta hannu, Windows 11, tana haɗe da rautar 4G mai cin SIM a shago. Intanet zai yi minti biyar ko goma yana tafiya daidai, sai ya tsaya cak kamar na rabin minti, wani lokaci alamar Wi-Fi ta koma hoton duniya, sannan ya dawo da kansa. Wayoyi uku ne a kan rautar kuma ba sa yin haka da rana. An kashe rauta an kunna, an goge sunan Wi-Fi an sake sa kalmar sirri, babu abin da ya canza. Tsakanin tebur da rauta bai wuce mita 3 ba, kuma babu bango.

Musbahu: Wa alaikumus salam Yaya. Shiga Settings, Network & internet, Advanced network settings, ka danna Network reset, za ta kashe kanta ta kunna. In bai yi ba a canza DNS, wato mai fassara sunan shafi ya ba da lambar adireshinsa, zuwa 8.8.8.8. In duk ya ƙi, a zuba mata sabon Windows a huta.

Injiniya Lawal: Musbahu, a dakata tukuna. Ba a san ciwo ba, an fara zancen tiyata. Abban Hanifa, kada ka taɓa komai sai mun gano inda igiyar take tsinkewa. Hanyar da intanet ke bi zuwa kwamfutarka gaɓa-gaɓa ce: katin Wi-Fi da ke cikinta, iskar da ke tsakaninta da rauta, ita rautar, sannan tsakanin rauta da ƙarfen sabis, sannan can cikin kamfanin sadarwa. Ko wace gaɓa ta tsinke, abin da za ka gani a allo iri ɗaya ne, shi ya sa ake ta gyaran inda ba ciwo.

Ga gwajin farko. Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka nemi layin Default Gateway a ƙarƙashin Wi-Fi. Lambar da ke nan ita ce adireshin rautarka, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei kuma 192.168.8.1. Sai ka buɗe tagogin Command Prompt uku ka jera su gefe da gefe, ka rubuta umarnin ping, mai aika ɗan saƙo ya nuna ko an amsa da lokacin da amsar ta ɗauka:

ping -t 192.168.0.1 a ta farko, ka sa lambar taka
ping -t 8.8.8.8 a ta biyu
ping -t google.com a ta uku

Bar su suna gudu, ka ci gaba da aikinka. Da zarar ya yanke, duba wace taga ce ta fara rubuta Request timed out. In ta farko ce, laifin yana tsakanin kwamfuta da rauta, babu ruwan kamfanin sadarwa. In ta farko tana amsawa sauran biyun sun mutu, daga rauta zuwa waje ne. Ctrl da C ke tsayar da shi, kuma zai nuna maka kashi nawa ya ɓata.

Maman Sudais: Gwajin Injiniya daidai ne, amma akwai gyara ɗaya kan taga ta uku. Ping yana neman adireshin google.com sau ɗaya ne tak a farko, daga nan lambar yake ta bugawa, saboda haka ko DNS ya mutu a tsakiya ba zai nuna ba. In ana son gwada DNS, a daidai lokacin yankewar a rubuta nslookup google.com. In 8.8.8.8 yana amsa ping amma nslookup ya gaza, nan ne kaɗai shawarar Musbahu ta canza DNS take da amfani. In ba haka ba, canza shi ba zai taɓa komai ba.

Sannan a lokacin da ya yanke, sake rubuta ipconfig ka dubi IPv4 Address. In ka ga ya fara da 169.254, rautar ba ta ba kwamfutar adireshi ba ne, Windows ta laƙa wa kanta na wucin gadi. Wannan wata hanya ce daban da za mu bi.

Injiniya Lawal: Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyaran.

Ɗan Damagaram: Ga 'yan uwa na nan Nijar da Windows ɗinsu ke da Faransanci, don kada a ruɗe: Default Gateway shi ne Passerelle par défaut, Request timed out kuma Délai d'attente de la demande dépassé, Device Manager shi ne Gestionnaire de périphériques. Umarnin da ake rubutawa a baƙar taga duk iri ɗaya ne, ba ya canzawa da harshe.

Abban Hanifa: Na yi gwajin na awa ɗaya da safe. Ya yanke sau 7. Duk lokacin tagar farko ce ke fara mutuwa, ta biyu ta bi ta nan take. Ko lokacin da yake aiki, tagar farko tana nuna 3ms, wato kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, sai ta yi tsalle zuwa 400 ko 900, ta dawo. Adireshin 192.168.0.105 ne, ban ga 169 ba.

Injiniya Lawal: Madalla, an rage rabin aiki. Kamfanin sadarwa da DNS sun fita daga zargin safiya. Saura kati, direbansa (manhajar da ke sarrafa katin), iska, da rauta. Tunda wayoyi ba sa yankewa, rautar ma nauyinta ya ragu. A mita 3 ya kamata ping zuwa rauta ya zauna tsakanin 1 da 5ms, tsallen 900 alama ce ta cewa kati yana ta maimaita aiken da bai isa ba.

Yanzu rubuta netsh wlan show interfaces ka turo mana layuka huɗu: Description, Radio type, Channel da Signal. Bayan haka buɗe Command Prompt da Run as administrator ka rubuta netsh wlan show wlanreport. Zai ajiye rahoto a C:\ProgramData\Microsoft\Windows\WlanReport da suna wlan-report-latest.html. Rahoton yana ɗauke da tarihin kwana 3 na baya, kowace yankewa da lokacinta da dalilin da Windows ta rubuta mata. Abin da nake so ka lura da shi biyu ne: dalilin da ya fi maimaituwa, da kuma ko tazarar yankewar daidai take ko a hargitse. Abin da ke yankewa kowace awa cif, agogo ne a cikin saiti, kamar wa'adin adireshin da rauta ke ba kwamfuta (DHCP) ko sabunta makullin tsaro. Abin da ke yankewa ba tsari, yawanci sigina ne ko wuta ko zafi.

Malam Habu mai gyara: Kafin sakamakon ya zo, tambaya biyu gare ka Alhaji. Yana yin haka ne a kan batir kaɗai ko har da caja a jiki? Na biyu, an taɓa canza mata allo ko murfi ko hinji? Amsar nan tana da muhimmanci ƙwarai a laftof ta hannu.

Maman Sudais: Tambayar batir ɗin nan ta Malam Habu ita ce mafi sauƙin rufewa, a yi ta yanzu don ba ta da wata illa. Danna dama a kan Start, Device Manager, Network adapters, danna katin Wi-Fi sau biyu, shafin Power Management, cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. A wasu sababbin kwamfutoci shafin nan ba ya fitowa sam, kada ka ɗauka wani abu ya lalace. Wuri na biyu shi ne Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Wireless Adapter Settings, ka mayar da Power Saving Mode zuwa Maximum Performance a batir da caja duka, in layin yana nan.

Dalili shi ne kati mai tsimin wuta yana ɗan yin barci tsakanin aike da aike, rauta ta riƙe masa saƙonsa har ya farka. In direban bai iya farkawa a kan lokaci ba, ko rautar ba ta iya riƙon ba, sai ka ga ping yana tsalle ko haɗin ya faɗi gaba ɗaya. Bayan ka canza, Restart za ka yi, ba Shut down ba. Saboda Fast Startup, Shut down yana adana direbobi yadda suke ya dawo da su, Restart ne ke loda su sabo.

Kuma roƙona, abu ɗaya ake canzawa a gwada. In ka canza biyar lokaci guda ya gyaru, ran da ya dawo ba ka san wanne ne ba.

Abban Hanifa: Ga sakamako. Description: Realtek RTL8821CE 802.11ac PCIe Adapter. Radio type 802.11n, Channel 6, Signal 48%. Rahoton ya nuna yankewa da yawa ba su da tazara ɗaya. Na cire tsimin wutar na yi Restart, tsallen ping ya ɗan ragu amma yankewar tana nan, da caja da babu caja. Malam Habu, eh, an canza allo da murfinsa wata biyu da suka wuce.

Musbahu: To ai Realtek ne, direba ne kawai. A sauke sabo daga shafin HP.

Maman Sudais: Direba yana iya zama, amma dubi lambar nan tukuna ƙanena. Windows tana lissafa kashin sigina ne daga dBm, ma'aunin ƙarfin sigina: kashi 100 daidai yake da -50 ko sama, sifili kuma -100. Ka raba 48 biyu ka cire 100, ka samu -76 dBm. Wannan siginar wanda ke bayan bango biyu ko uku ce. Mutumin da ke zaune mita 3 daga rauta babu shamaki ya kamata ya ga kashi 90 zuwa 100. Daga -67 zuwa sama ake samun haɗi mai natsuwa, a -76 ana kan gaɓa, kowace 'yar hayaniya a iska za ta kayar da shi. Direba mara kyau yana iya yanke haɗi, amma da wuya ya cinye dBm 30.

Abban Hanifa, ɗora waya a kan allon madannan laftof ɗin, ka buɗe kowace manhajar auna Wi-Fi, ka ga dBm nawa wayar take gani a daidai wurin. In ita tana ganin -40 zuwa -45, iska lafiyarta ƙalau, kunnen laftof ne ya toshe.

Malam Habu mai gyara: Abin da nake zargi ke nan. Bari in yi bayanin yadda abin yake a ciki. Katin Wi-Fi ɗan ƙarami ne, milimita 22 a 30, yana zaune a kan babban allon ciki da sukuru ɗaya. Shi kansa ba shi da eriya. Eriyar tana can saman murfi kusa da kyamara, siririyar waya ce ke saukowa daga can, ta bi gefen allo, ta ratsa ta cikin hinji, ta zo ta maƙale a kan kati da wani ɗan maɓalli kamar na riga. Yawancin katunan Intel waya biyu suke ɗauka, galibi baƙa da fara. Wannan RTL8821CE mai hanya ɗaya ne, kuma a HP da yawa waya ɗaya tak yake zuwa da ita. Ma'ana in ita ɗin ta samu matsala babu ta biyu da za ta rufa asiri.

Wajen canza murfi dole a cire wayar nan. Abubuwa huɗu ke faruwa: a manta ba a maida ta ba, a ɗora ta ba a danna ta shiga ba, hinji ya danne ta ya tsaga rigarta, ko kuma murfin da aka sa ya zo babu eriya a ciki sam. Kati babu eriya yana iya kama rauta in tana kusa sosai, shi ya sa mutum ba ya zargi, yana ganin ai Wi-Fi yana haɗuwa.

Gwaji ba tare da kwance komai ba: buɗe murfin rabi, rubuta netsh wlan show interfaces, rubuta kashin. Tura shi baya har ƙarshe, jira daƙiƙa 10, sake dubawa. Jawo shi gaba sosai, sake dubawa. Ka yi haka zagaye uku. Bambancin kashi 5 ko 6 ba komai ba ne, don eriyar tana juyawa. In kuwa yana tsalle daga 45 zuwa 85, ko haɗin ya faɗi a wani kusurwa ɗaya kullum, wayar ta karye a cikin hinji. In ko'ina ƙasa yake bai motsa ba, ta fita daga kan kati ko babu ita.

Ɗan Damagaram: Akwai kuma hanyar raba gardama tsakanin Musbahu da Malam Habu ba tare da sukundireba ba. Sa Ubuntu, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Windows, a filas mai 8GB, kunna kwamfutar daga kanta, zaɓi Try Ubuntu, ba ya taɓa abin da ke cikin kwamfutar. Direba daban ne, tsari daban. In can ma siginar ƙasa take kuma tana yankewa, kayan cikin kwamfutar ne. In can ta tsaya daram, Windows ce. A tabbata dai sabuwar Ubuntu ce, don tsofaffin ba sa zuwa da direban wannan katin. A can umarnin iw dev zai ba ka sunan katin, iw dev sunan link kuma zai nuna sigina kai tsaye da dBm.

Injiniya Lawal: Hanya ce mai kyau, sai dai sauke Ubuntu zai ci data gigabait da dama. Mafi arha a ari ɗan kati na USB, a kashe na ciki a Device Manager da Disable device, a bar ping yana gudu awa ɗaya. Gargaɗi ɗaya: ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, suna fitar da hayaniya a daidai zangon 2.4GHz, musamman in an jona faifan ajiya na waje a ramin da ke kusa. Intel ta fitar da takarda a kan wannan tun 2012. Saboda haka a sa katin aron a ramin USB 2.0, ko a ɗan nesanta shi da guntun kebul.

Abban Hanifa: Waya a kan laftof tana nuna -42 dBm. Gwajin murfi: 47, 49, 46, ko'ina kusan ɗaya ne, bai yi tsalle ba. Manhajar ta kuma nuna Wi-Fi har 14 a kewaye, shagon cikin filaza yake, shida daga ciki suna tasha ta 6, wato Channel 6, tare da namu.

Maman Sudais: Yanzu hoton ya fito. Abu biyu ne suka haɗu: kunne mai rauni a cikin kasuwa mai hayaniya. Wayoyin suna jin rautarka da ƙarfi fiye da na maƙwabta nesa ba kusa ba, shi ya sa ba su damu ba. Laftof ɗin tana jin ta da kyar, kuma abin da take aikawa ma da kyar yake isa rauta, sai zirga-zirgar maƙwabta ta danne shi.

Gyaran tashar ba ya cin ko sisi. Shiga 192.168.0.1 a burauza, saitin Wi-Fi na 2.4GHz, cire Auto. Tashoshin zangon nan tazarar 5MHz ce tsakaninsu, alhali kowane Wi-Fi yana cin faɗin kusan 20MHz, don haka guda uku ne ba sa hawa kan juna: 1, 6, 11. Dubi wadda ta fi ƙarancin maƙwabta masu ƙarfi tsakanin 1 da 11 ka zauna a kai. Kada ka zaɓi 3 ko 9 da tunanin babu kowa, nan za ka sha hayaniyar ɓangare biyu, kuma na'urorin da ke tasha ɗaya suna jiran juna, waɗanda ke gefe kuwa kutse kawai suke yi. Faɗin tasha ka sa 20MHz, ba 40 ba. Tsaro ka sa WPA2-PSK da AES. TKIP yana ƙayyade gudu a 54Mbps, gaurayen WPA2 da WPA3 kuma wasu tsofaffin direbobi suna faɗuwa a kansa.

In rautar tana da 5GHz, ba shi suna daban da na 2.4, ka kashe abin da ake kira Smart Connect ko band steering, don rauta tana iya korar na'ura mai rauni daga wannan zango zuwa wancan, kowace kora kuma yankewa ce. A 5GHz zaɓi 36, 40, 44 ko 48. Daga 52 zuwa sama har 140 tashoshi ne da ake rabawa da rada, na'urar hango jiragen sama da yanayi, in rauta ta ji alamar rada dole ta tashi daga tashar, kafin ta zauna a wata irinta sai ta yi sauraron minti ɗaya. Kuma a lura, 5GHz na Wi-Fi daban yake da 5G na layin waya, mutane da yawa suna haɗa su.

Malam Habu mai gyara: Na yarda da gyaran tasha Hajiya, amma kada ya koma 5GHz yanzu. Wanda ke ganin -76 a 2.4 zai ga ƙasa da haka a 5, ƙila ma ba zai ga sunan ba. A gyara eriya tukuna. Tunda kashin bai motsa da murfi ba, wayar ba a kan kati take ba.

Ga yadda ake yi, in hannunka ya saba. Kashe ta gaba ɗaya, cire caja. Kwance sukurorin ƙasa, a HP da yawa akwai ɓoyayyu ƙarƙashin robar ƙafa. Ɓanɓare murfin ƙasa da katin roba, ba da wuƙa ba. Abu na farko bayan buɗewa, cire batir daga jikin allon ciki, sannan danna maɓallin kunnawa daƙiƙa 10. Nemi katin, dubi ɗan da'irar zinare a gefensa. In ka ga wayar tana lilo kusa, ɗora kanta daidai bisa da'irar, ka tabbata ta zauna tsaye ba a karkace ba, danna da farce ko bayan biro na roba har ka ji ƙas. Kada a yi da filaya, kada a tilasta. In aka danna a karkace ramin yana lanƙwashewa ko ya ɓalle daga kati, daga nan sai sabon kati. In kati yana da rami biyu waya ɗaya, bi lambar da ke liƙe a wayar, 1 ko 2, ka sa ta a ramin mai lambar.

In babu wayar kwata-kwata, ana sayar da eriya daban a wurin masu kayan laftof. Ka ce musu MHF4, ita ce ta katunan M.2. Ta tsofaffin katuna, U.FL, ta fi girma kaɗan kuma ba za ta kama ba, da ido kuwa kusan kamarsu ɗaya. Ka nemi mai tsawon da zai kai saman murfi, a liƙa ta can nesa da ƙarfe. Wadda aka naɗe aka cusa ƙarƙashin allon madannai kusa da batir za ta yi aiki amma rabi-rabi.

In ba ka saba ba, kai wa mai gyara ka ce ya duba wayar eriya a gabanka, aikin minti 15 ne.

Musbahu: Malam, in za a buɗe ta ai gara a sa Intel AX201 a wuce wurin gaba ɗaya.

Malam Habu mai gyara: A'a, a kula. AX201 rabin kati ne, sauran rabin yana cikin wasu firosesocin Intel, in kwamfutar ba ta da wannan tsarin ba za ta gan shi ba ko da ya shiga ramin. AX200 ko AX210 su ne cikakku, suna aiki a Intel da AMD. Su kuma eriya biyu suke so, da ɗaya za a yi asarar rabin amfaninsu, Bluetooth ma yana iya raunana. Wasu tsofaffin HP da Lenovo kuma BIOS ɗinsu, manhajar da ke tada kwamfuta, yana ƙin katin da ba na jerin kamfani ba. Kati mai lafiya da aka cire wa eriya ba ya buƙatar canji.

Abban Hanifa: Allah ya saka da alheri. An buɗe, wayar tana nan, kwance take a gefen kati an rufe ta da salatif, ba a maƙala ba. An danna ta. Signal yanzu 99%. Na mayar da tasha 11 da faɗin 20. Ping zuwa rauta 1 zuwa 3ms, awa huɗu babu ko ɗaya da ya ɓata. Sai dai daga ƙarfe 8 na dare wani abu ya fito: tagar rauta tana amsawa lafiya, amma 8.8.8.8 yana hawa 600ms yana ɓata, kuma wannan karon har wayoyi.

Injiniya Lawal: Alhamdu lillahi. Wannan na dare ciwo ne daban, da ma yana nan, na farkon ne ya rufe shi. Yanzu daga rauta zuwa waje muke. Abu uku za a raba.

Na farko, ko rautar tana mutuwa tana tashi. A shafinta akwai tsawon lokacin da ta yi a kunne ko a haɗe, dubi ko yana komawa sifili. Tunda tagar farko ba ta yanke ba, ba na zargin wannan a daren jiya, amma a sani: duk sauyi daga wutar NEPA zuwa janareto yana kashe rauta, kuma kafin ta kama 4G sai minti ɗaya ko biyu. Ƙaramin UPS mai fitar da 12V kai tsaye yana maganin wannan. Haka cajar rauta da aka musanya, in an rubuta 12V 1.5A a ƙasan rautar aka sa mata mai 1A, za ta kunnu lafiya amma ta faɗi in aiki ya yi nauyi. Zafi ma haka, yawancin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki har zuwa digiri 40, a watan Afrilu kuwa ƙarƙashin rufin kwano ya wuce nan.

Na biyu, ko wani a cikin shago yana cike hanyar fita. Waya ɗaya da ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet ta isa ta sa ping na kowa ya kai ɗaruruwa, domin hanyar turawa a 4G ta fi ta saukewa ƙunci. Cire duk wayoyin daga Wi-Fi na minti biyar ka kalli tagar. A laftof kuma kunna Metered connection a kan sunan Wi-Fi ɗin, zai rage sauke-sauken da Windows ke yi a ɓoye. Dubi jerin na'urorin da ke haɗe, in ka ga baƙo canza kalmar sirri.

Na uku shi ne cunkoso a ƙarfen sabis, kuma lokacin da ka ambata shi ya fi kama da shi.

Maman Sudais: Na ukun ana iya auna shi. A shafin rauta, ƙarƙashin Device information ko makamancinsa, akwai RSRP da RSRQ da SINR. Rubuta su da ƙarfe 10 na safe, ka sake rubutawa da 9 na dare. RSRP ƙarfin siginar ƙarfe ne: sama da -90 yana da kyau, -100 matsakaici, ƙasa da -110 rauni. RSRQ ingancinta ne. SINR tsabtarta ce: sama da 13 yana da kyau, kusa da sifili kuwa sandunan sabis za su cika amma data ba ta tafiya. In RSRP bai canza ba tsakanin safe da dare amma RSRQ da SINR sun faɗi, jama'a ne suka yi yawa a kan ƙarfen, babu saitin kwamfuta da zai gyara wannan.

Abin da ke hannunka shi ne wurin zaman rauta. Ɗaga ta sama, kai ta bakin taga, gwada kowane gefen shago kana jiran minti ɗaya kana kallon SINR, ba sanduna ba. Matsar da ita mita ɗaya yana iya sa ta kama wani ƙarfen daban. Tunda laftof ta dawo da jinta, yanzu kana da damar nesanta rautar daga tebur. Kafe ta a 4G only don kada ta riƙa sauka 3G tana hawa, kowace sauka yankewa ce. In tana ba da damar zaɓen zango, gwada su ɗaya bayan ɗaya da dare: 800MHz yana ratsa bango kuma yana kai nesa, shi ya sa ya fi cika, 1800 da 2600 sun fi faɗi in kana kusa da ƙarfe. In tana da ramukan eriya a baya, eriyar waje a kan rufi tana taimakawa, amma kebul ɗin ya zama gajere, dogon siriri yana cinye abin da eriyar ta samo.

Ɗan Damagaram: Kafin a sayi eriyar waje, a gwada SIM na wani kamfani a daidai wannan lokacin na dare, ko ta hanyar jona waya da kebul a kunna USB tethering, a bar ping 8.8.8.8 na minti 20. In wancan layin ya tsaya ƙasa da 100ms babu ɓata, an san cunkoson na ƙarfe ɗaya ne, kuma layi na biyu don dare zai fi eriya arha.

Abban Hanifa: Da safe RSRP -97, SINR 11. Da dare RSRP -98, SINR 2. Cire wayoyi bai canza komai ba. Na kai rautar saman kantar kaya kusa da tagar gabas, SINR na dare ya koma 7, ɓatan ping ya sauka zuwa kashi 2. Laftof daga can tana ganin 88%. Gobe da dare zan gwada ɗaya layin kamar yadda Ɗan Damagaram ya ce, in turo lambobin.

Injiniya Lawal: To madalla. In za ka yi, yi su a jere cikin rabin awa ɗaya, minti 15 wannan layi, minti 15 wancan, a wuri ɗaya, don cunkoson 8 da na 10 ba ɗaya ba ne. Ka turo layin ƙarshe da ping ke bayarwa bayan Ctrl da C, mai Minimum da Maximum da Average, tare da kashin da ya ɓata.